ZAƁAR WA 'YA MACE KWALEJIN DA TA DACE DA HALINTA DA RA'AYINTA

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)

 

Muna godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya sake tara mu a mahaifarmu cikin ƙoshin lafiya. Muna kuma godiya ga kwamitin ilimi na wannan ƙungiya da ya ga dacewar ya kira tsohon hedimasta, wanda ya riga ya ajiye alli, ya ce masa ya zo ya yi magana a gaban manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda da yawa daga cikinsu mun taɓa riƙe hannunsu muna koya musu rubuta baƙaƙe a aji ɗaya. Idan harshenmu ya yi kaifi a wani wuri, a yafe mana. Malami ba ya daina ganin ɗalibinsa ɗalibi, ko da furfura ta cika masa kai.

GABATARWA

Tun da muka yi ritaya, kusan babu hutun ƙarshen shekarar da zai zo ba mu sami baƙi a zaurenmu ba, ko kuma kira ta wayar salula, daga 'yan asalin garin nan mazauna birni. Tambayar ɗaya ce: "Malam, yarinyar nan ta gama firamare, ko ta gama ƙaramar sakandare, wace makarantar mata ce ta fi kyau?" Mukan amsa da tambaya: "Wace irin yarinya ce?" A nan sai uba ya yi shiru. Ya san makin da ta ci, ya san kuɗin makaranta, ya san makarantar da 'yar maƙwabcinsa take, amma bai iya gaya mana ko 'yarsa mai kunya ce ko mai baki, ko me take so ta zama, ko me take tsoro. Wannan shirun shi ne dalilin jawabinmu na yau.

Alhamdu lillahi, mun wuce zamanin da ake gardama a kan ko a sa mace a makaranta. Kowa a cikin wannan zaure ya yarda da karatun 'yarsa. Abin da ya rage shi ne sanin inda za a kai ta, domin shekara uku ko shida na ƙuruciyar yarinya ba abin wasa ba ne, kuma idan sun tafi ba sa dawowa.

TAƘAITACCEN TARIHI

Karatun mata a tsakanin mata 'yan'uwansu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, inda ta riƙa naɗa jajjai daga cikin dattawan mata, su shiga ƙauyuka su karantar da mata ta hanyar waƙoƙin da ta tsara da Hausa da Fulatanci. A fannin boko kuwa, a 1930 aka buɗe azuzuwan 'yan mata na farko a Katsina da Kano, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da Sarkin Kano Abdullahi Bayero. A 1939 aka buɗe cibiyar horon malamai mata a Sakkwato. A Kakuri ta Kaduna, 'yan mishan sun kafa kwalejin mata a 1940, wadda bayan gwamnati ta karɓe ta aka sa mata sunan Sarauniya Amina. Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta buɗe makarantar Sarauniya Elizabeth a Ilori a 1956, inda aka riƙa ɗibar 'yan mata daga lardunan Arewa.

Mu da muka shiga kwalejin horon malamai a zamanin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, mun ga lokacin da uba ba shi da zaɓi. Inda jarrabawa ta jefa 'yarsa, nan za ta tafi da akwatinta na ƙarfe da bokitinta. Yau kuwa makarantun sun yi yawa, kuma kowace da irin tafiyarta. Yawan zaɓi alheri ne, amma ya ɗora wa iyaye nauyin da iyayenmu ba su ɗauka ba.

IRE-IREN MAKARANTUN MATA

Kafin mutum ya zaɓa, ya kamata ya san abin da ke kasuwa. Da farko akwai kwalejojin mata na Gwamnatin Tarayya, irin na Bakori da Kazaure da Minjibir da Gusau da Tambuwal da Gwandu da Bauchi da Potiskum da Zariya da Bida da Bwari. Ana shigarsu ta jarrabawar da hukumar NECO ke shiryawa ga 'yan aji shida na firamare. An kafa su ne domin haɗa kan ƙasa, saboda haka yarinya za ta kwana ɗaki ɗaya da Bayarabiya da 'yar ƙabilar Ibo da Banufiya, Musulma da Kirista, kuma Turanci ne harshen da zai haɗa su.

Na biyu, akwai kwalejojin kimiyya na jihohi. Tsohuwar Jihar Kano ce ta yi fice a wannan fanni tun daga 1977, da ta fara da na maza a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka buɗe ta mata a Taura, wadda yanzu take cikin Jihar Jigawa. Waɗannan makarantu ne na gasa da tsananin karatu, inda lissafi da kimiyyar sinadarai da ta halittu da fiziks suke cin mafi yawan lokacin ɗaliba.

Na uku, akwai makarantun Larabci da addinin Musulunci na mata, irin ta Goron Dutse a Kano, waɗanda ɗalibansu ke iya zana jarrabawar hukumar NBAIS. Na huɗu, akwai makarantun da 'yan mishan suka kafa, kamar St. Louis ta Bompai a Kano. Na biyar, akwai makarantun kuɗi masu zaman kansu, na kwana da na jeka-ka-dawo, wasu na ƙungiyoyin addini, wasu na ɗaiɗaikun mutane, wasu da sashen haddar Alƙur'ani. Kowace daga cikin waɗannan ta yaye matan da ake alfahari da su, kuma kowace ta taɓa karya zuciyar wata yarinya da aka kai ta inda bai dace da ita ba.

KUSKUREN DA MUKA YI

Ba za mu tsaya a nan mu yi wa wasu faɗa ba tare da mun fara da kanmu ba. 'Yarmu ta fari yarinya ce mai shiru-shiru. Ba ta son hayaniya, ba ta son gasa, kuma tun tana ƙarama babu abin da ke faranta mata rai kamar karatun Larabci da littattafan labarai. Allah ya ba ta ƙwaƙwalwa, don haka da ta gama ƙaramar sakandare ta ci jarrabawar shiga wata kwalejin kimiyya. Ta faɗa wa mahaifiyarta cewa ita makarantar Larabci take so. Da saƙon ya iso mana, sai muka ce ba za a yi haka ba. Mu ne hedimasta a gari, 'ya'yan wasu mun tura su sun zama likitoci, yaya za a ce tamu ta ƙare a Larabci? Ba mu kira ta mun ji ta bakinta ba ko sau ɗaya.

Hutun farko ta dawo a rame, muka ce gabza ce ba ta saba da ita ba. Zango na biyu aka aiko mana cewa ta suma a ɗakin gwaje-gwaje ranar da aka fede ɓera, kuma duk lokacin da jarrabawa ta ƙarato sai zazzaɓi ya kwantar da ita. Muka ce ragwanci ne, muka yi mata faɗa a gaban malamanta. Ba ta sake kawo mana ƙara ba. Ta yi shekara uku a makarantar nan, ta fito ba ta da kiredit a fiziks da kimiyyar sinadarai. Muka sake biya mata jarrabawa, ta sake faɗuwa. Makarantar ba ta da laifi ko kaɗan, domin 'yan ajinta da yawa sun wuce jami'a. Laifin namu ne.

Mahaifiyarta, Allah ya saka mata da alheri, ita ce ta lallaɓa ta mayar da ita kan abin da take so. Ta zana darussan adabi da Larabci daga gida, ta ci, ta shiga kwalejin ilimi, kuma yau malama ce da ɗalibanta suke ƙauna. Amma ta yi asarar shekaru, mu kuma mun yi asarar abin da ya fi shekaru tsada, domin an daɗe tana gaishe mu kanta a ƙasa ba ta iya zama ta yi hira da mu. Da aka zo kan ƙanwarta, wadda take da surutu da taurin kai, wadda ta taɓa kwance mana rediyo don ta ga mai magana a ciki, sai muka zauna da ita tukuna. Ita ce ta roƙi a kai ta makarantar kimiyya, kuma ba ta taɓa kuka da ita ba. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma hali daban. Ba banza Bahaushe ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

SANIN HALIN YARINYA

A shekarun da muka yi muna koyarwa, mun lura da wasu halaye da ya kamata iyaye su duba. Akwai yarinya mai kunya da zurfin ciki, wadda ko an cuce ta ba za ta faɗa ba. Irin wannan idan aka jefa ta babbar makarantar kwana, inda aji ya cika maƙil kuma manyan ɗalibai ke sa ƙanana wanki da ɗebo ruwa, sai ta ɓace a cikin taro, ba wanda zai san tana shan wuya. Ta fi bukatar ƙaramar makaranta inda malamai suka san kowace ɗaliba da sunanta, ko kuma ta yi ƙaramar sakandare a jeka-ka-dawo, in ta ƙara girma a kai ta ta kwana.

Akwai mai baki da son shugabanci, wadda a gida ma ita ke raba wa ƙannenta aiki. Wannan za ta ji daɗin babbar makaranta mai ƙungiyar muhawara da wasan kwaikwayo da wasannin motsa jiki. Idan aka kai ta inda ake ɗaukar kowace tambaya rashin kunya, ko dai a kashe mata baiwarta, ko kullum a riƙa kiran ubanta ofis. Akwai kuma mai saurin bin ƙawaye, wadda duk inda iska ta kaɗa nan take. Ita ce ta fi kowa bukatar a binciki irin ɗaliban makaranta da ƙarfin shugabarta, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Sai batun lafiya, wanda iyaye kan ɓoye don kunya ko don tsoron kada a ƙi karɓar yarinya. Mai ciwon sikila ko asma ko gyambon ciki, ko wadda har yanzu takan yi fitsarin kwance, ba a kai ta makarantar kwana sai an tabbatar akwai ma'aikaciyar jinya da ke kwana a makarantar, kuma an gaya wa hukumar makaranta gaskiya. Mun ga yarinyar da tsokanar 'yan ɗaki a kan fitsarin kwance ta raba ta da karatu har abada.

Ku 'yan'uwa mazauna birni, akwai wata magana da ta shafe ku musamman. Wasu daga cikinku sukan ga yarinya ta fara rawar kai a Abuja ko Legas, sai su ce a turo ta makarantar kwana ta gida ta ji a jikinta. Makaranta ba gidan horo ba ce. Yarinyar da ta tashi da famfo da wutar lantarki, Hausarta ma ba ta nuna ba, idan aka kawo ta a matsayin hukunci, za ta tsani makarantar, ta tsani garin, wani lokaci har ta tsani wanda ya kawo ta. Muna son 'ya'yanku su san gida, amma a fara kawo su hutu, su saba da kakanninsu da tuwon dawa da ruwan rijiya, sa'an nan a yi maganar makaranta da yardarsu.

RA'AYIN YARINYA DA NA GIDA

Ra'ayi iri biyu ne a nan. Na farko shi ne abin da yarinya take so ta zama. Iyaye da yawa ba su san cewa a aji ɗaya na babbar sakandare ake raba hanya ba, tsakanin kimiyya da adabi da kasuwanci. Mai son aikin likita ko jinya ko ungozoma dole ta sami kiredit a Turanci da lissafi da fiziks da kimiyyar sinadarai da ta halittu. Mai son aikin lauya dole ta yi adabin Turanci. Idan an kai mai son lauya makarantar da ba a koyar da adabi, an rufe mata ƙofa tun tana 'yar shekara 15, kuma ba za a gane ba sai ranar cike takardar JAMB. Ba mu ce duk abin da yarinya ta faɗa shi za a bi ba, domin abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma babba ba zai hangi komai ba idan bai buɗe ido ya dubi yarinyar ba. A tambaye ta, a tambayi malaman ajinta, a dubi sakamakonta na shekara uku, a ga ko burinta ya yi daidai da ƙoƙarinta.

Na biyu shi ne aƙida da tarbiyya. Kowace makaranta tana da fahimtarta game da sutura, da ibada, da cuɗanya da waɗanda ba addini ɗaya ba. Ko a cikin makarantun Musulunci, fahimta ta bambanta daga wata zuwa wata, kuma kun san haka. Uban da ya kai 'yarsa makarantar da fahimtarta ta saɓa wa ta gidansa, kada ya yi mamaki idan ta dawo hutu tana gyara wa kakarta salla cikin izgili. Haka kuma wanda ya kai 'yarsa makarantar mishan ko ta tarayya, ya fara tambaya: akwai masallaci? Akwai malamin addinin Musulunci? Ana barin hijabi? Yaya ake yi da sahur da buɗa-baki a watan azumi? 'Yan'uwanmu Kirista 'yan asalin ƙasar nan su ma su tambayi inda 'yarsu za ta yi ibada ranar Lahadi da wanda zai koya mata darasin addininta. Tambaya a ranar farko ta fi rigima a tsakiyar zango.

Akwai kuma ra'ayin gida game da aure. Idan uba ya san a ransa zai aurar da yarinya da zarar ta gama sakandare, ya faɗa tun yanzu, a zaɓa mata hanyar da za ta iya ci gaba da ita daga ɗakin mijinta, kuma a sa sharaɗin karatu a maganar auren. Ɓoye wannan niyya har sai yarinya ta gina buri, zalunci ne.

GANI YA KORI JI

Kada kowa ya zaɓi makaranta daga tallar rediyo ko hoton da ya gani a Facebook. A je da ƙafa, uba da uwa da yarinyar, a ranar da ba a gayyace su ba. Ofishin shugabar makaranta kullum a share yake, don haka a nemi ganin ɗakin kwana da banɗaki da wurin girki. A tambayi inda ake samun ruwa, da nisansa daga ɗakin kwana, domin 'ya mace ba ta zama lafiya inda babu ruwa. A ƙirga gadaje a ɗaki ɗaya, a dubi tagogi ko akwai raga, a ga ko ƙofar fita ɗaya ce idan gobara ta tashi. A tambayi malaman lissafi da Turanci nawa ne, kuma nawa ne mata a cikin malaman. A nemi sakamakon WAEC da NECO na shekara uku a jere, a kuma yi hattara da makarantar da kowa ke cin komai, domin mun san yadda ake samun irin wannan sakamako. Daga nan uwa ta keɓe da ɗalibai biyu ko uku ta tambaye su abin da suka ci jiya da dare. Abin da za su gaya mata ba ya cikin takardar talla.

TSARO

Da zuciya mai nauyi muke shiga wannan batu. A watan Afrilun 2014 aka sace ɗalibai mata 276 a Chibok. A Fabrairun 2018 aka kwashe 110 a Dapchi. A Fabrairun 2021 aka ɗauke 279 a Jangebe, kuma a Nuwamban 2025 aka sake shiga makarantar mata ta Maga a Jihar Kebbi. Babu uban da zai ji waɗannan ya ƙi yin tunani sau biyu. Don haka a dubi inda makaranta take, a cikin gari ko a bakin daji. A dubi katanga da masu gadi, da nisan ofishin 'yan sanda, da hanyar da yarinya za ta bi sau shida a shekara tafiya da dawowa. A dubi kuma halin yarinyar, domin mai firgita da ba ta barci idan ta ji motsi ba za ta fahimci karatu cikin fargaba ba. Idan hankali bai kwanta ba, makarantar jeka-ka-dawo ta mata a cikin birni ba abin kunya ba ce. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a mayar da tsoro hujjar zaunar da yarinya a gida, domin wannan shi ne abin da masu ɓarna suke nema.

BAYAN SAKANDARE

Wasu iyaye da wasu 'yan matan sun fi samun natsuwa da karatun gaba da sakandare a tsakanin mata zalla. Akwai hanya. Kwalejin Ilimi da Fasaha ta Tarayya da ke Gusau ta mata ce. Akwai makarantun koyon aikin ungozoma, irin na Dambatta da Malumfashi, kuma kun san yadda matan karkararmu ke bukatar mace a ɗakin haihuwa. Amma a nan ma hali ne kan gaba, domin aikin jinya na mai haƙuri ne da jure ganin jini da kwanan asibiti, aikin koyarwa kuma na mai son yara ne da iya maimaita magana ɗaya sau goma ba tare da fushi ba.

Ga masu halin tura 'ya'ya waje, Jami'ar Musulunci ta Say a Jamhuriyar Nijar tana da sashen mata a Yamai. A Riyad ta Saudiyya akwai Jami'ar Gimbiya Nura, wadda ta mata ce zalla. A Omdurman ta Sudan akwai Jami'ar Ahfad ta mata, wadda tushenta ke komawa ga makarantar 'yan mata da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula karatu a ƙasar. A Amurka ma akwai tsofaffin kwalejojin mata, kamar Mount Holyoke da aka kafa a 1837, da Spelman ta Atlanta da aka kafa a 1881 domin mata baƙar fata, da Wellesley inda Hillary Clinton ta gama a 1969. Amma kada kalmar "ta mata" ta ruɗi kowa. Waɗannan na Amurka an kafa su ne domin mace ta yi gogayya da maza a ilimi da shugabanci, kuma ra'ayinsu a kan addini da aure da zamantakewa ya yi nisa ƙwarai da namu. Mata zalla a Riyad daban, mata zalla a Amurka daban. Sai yarinyar da ta san kanta, ta iya zama da mai saɓanin ra'ayi ba tare da ta narke ko ta yi faɗa ba, ita ake turawa irin wannan wuri.

KIRA GA ƘUNGIYA

Muna roƙon shugabanni su duba shawarwari uku. Na ɗaya, kwamitin ilimi ya tattara sunayen matan garin nan da suka yi waɗannan makarantu, malamai da ma'aikatan jinya da lauyoyi, domin iyaye da 'yan mata su sami wanda za su tambaya kafin su yanke shawara. Na biyu, a ware rana ɗaya a dogon hutu, matan nan su zauna da 'yan aji shida na firamare da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, babu maza a wurin, domin yaran su saki jiki su yi magana. Na uku, tallafin karatun da ƙungiya ke bayarwa kada ya tsaya ga 'yan kimiyya kaɗai. Garin nan yana bukatar likita mace, yana kuma bukatar malamar Larabci da malamar Hausa da mai ɗinki da ta san lissafin kasuwancinta. Kuma kada mu manta da 'ya'yan 'yan'uwanmu da ke nan gida, waɗanda zaɓinsu bai wuce makarantar da ke bakin kasuwa ba. Idan muka gyara mata rijiya da banɗaki da katanga, mun ba su abin da 'ya'yanmu na birni suke samu da kuɗi.

Game da kuɗi kuwa, kowa ya auna aljihunsa na shekara shida, kada ya tsaya ga na zangon farko. Cire yarinya daga makarantar tsada a tsakiyar hanya saboda bashi ya fi yi mata ciwo a kan a fara da mai sauƙi tun farko.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, idan kun koma gidajenku, kafin ku sayi fom ko ku kira wani babba ya nema muku gurbi, ku kira yarinyar ku zaunar da ita tare da mahaifiyarta. Ku tambaye ta abin da take so da abin da take tsoro, ku yi haƙuri ku saurara har ta gama, ko da za ta ɗauki kwana uku kafin ta buɗe baki. Bayan haka ku yi shawara da malamanta, ku ziyarci makarantar, ku yi istihara, sa'an nan ku yanke hukunci a matsayinku na iyaye. Mu ba mu yi haka da 'yarmu ta fari ba, kuma mun gaya muku abin da ya biyo baya domin kada wani a cikinku ya maimaita.

Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare 'ya'yanmu a duk inda suke karatu, ya dawo da waɗanda har yanzu suke hannun miyagu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana, ya ɗaukaka wannan ƙungiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.